Harafin da Hayaƙi Ya Haɗiye

A Ulanbator, in sanyi ya kankama,
gari kan waye ba ya ganin kansa.
Kowace bukka da bututunta,
kowane bututu da baƙin numfashinsa,
kwarin duka kamar tukunyar da aka kifa wa murfi.

Nan nake aiki, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe,
ni Dulamsuren, mai gyara wa yara furuci.
Kayan aikina ba su cika jaka ba:
madubi, gashin tsuntsu, guntun kyandir,
da kwalbar ruwan sabulu ta hura kumfa.

Ochir ya zo mini da shekara biyar
da kalma tara. Na ƙirga.
Baki a sake, hanci a toshe,
kunne cike da ragowar murar da ta ƙi sallama.
In ƙishi ya kama shi, sai ya ce "u".
A harshenmu ruwa "us" ne.
Siririn harafi ɗaya ya rage masa,
shi kuwa bai taɓa isa kunnensa da rai ba.

Na ce, hura gashin nan.
Ya hura, tari ya ƙwace.
Na ce, kashe mini kyandir.
Wutar ta ɗan rusuna, ta miƙe abinta.
Na kara kunne a bayansa,
ƙirji na gurnani kamar tsohuwar mota a kan hawa.
Magana ai numfashi ce aka yanka aka ɗinka.
Telan da ba a ba shi yadi ba,
da me zai fitar da riga?

Uwarsa Tsermaa ta sunkuyar da kai,
wai laifinta ne, ita ke zuba kwal a murhu.
Na ce, bari.
Ki bar wuta su daskare, ki hura su shaƙa,
gaba kura, baya sayaki.

Da ƙanƙara ta fara sakin ƙasa,
wata Asabar na kulle ofis.
Muka bi bas har inda titi ya gaji,
muka ƙarasa da ƙafa gindin dutsen Bogd Han.
Daga can na waiga,
birnin na kwance ƙarƙashin bargonsa mai toka.

Ban koya masa komai ba ran nan.
Madubin ma a jaka ya wuni.
Ya zauna kan saiwa, ya rufe baki,
karo na farko da na ga hancinsa na aiki.
Iska na ratsa ganyen itatuwa masu tsinin allura,
wata ƙorama na silalowa ta ƙarƙashin ƙanƙara,
su biyun abu ɗaya suke ta faɗa,
dogo, siriri, babu gaggawa.

Ya karkata kai.
Ya tsoma yatsa, ya janye don sanyi.
Ya haɗa haƙora yadda na yi wata huɗu ina nuna masa,
ya ce, "usss."
Ya ja shi har numfashi ya ƙare,
ya dube mu kamar wanda ya tsinci kuɗi a tsohon aljihu.
Tsermaa ta juya baya, wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Ba zan ce ƙorama ta warkar da shi ba.
Akwai likitan kunne, akwai watannin madubi,
akwai sauran haruffan da har yau ke masa gardama.
Amma ran Litinin da na buɗe takardarsa,
ga gurbin motsa harshe, ga gurbin sau nawa a mako,
na duba sama da ƙasa, ba gurbin iska.
Sai na rubuta ta a gefe, da fensir.

Sanyi zai dawo, bututu za su farka,
na san wannan.
Jiya dai Tsermaa ta kira ni,
wai yanzu tsakar dare yakan tashe ta
ya nemi ruwa da cikakken sunansa.
Ba ƙishi yake ji ba, ta sani.
Takan tashi ta ɗebo masa.